Minti Biyar ɗin da Malam Kuramochi Ya Yi Alkawari

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da ɗakin jinya na makarantar firamaren garinmu, nan arewacin Japan, kuma duk tsawon lokacin teburina a ɗakin malamai yana manne da na Malam Kuramochi Norio. Na san tarinsa tun daga baranda, na san yadda yake feƙe fensir da wuƙa alhali ga injin feƙewa a gabansa, na san ranar da gwiwarsa ta matsa masa ko bai faɗa ba. Mutumin kirki ne. Da wannan na fara don kada wani ya ji ƙarshen labarin ya ɗauka mugu ne, ko da yake ni ma da na san shi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ɗan manoman shinkafa ne, na huɗu a cikin 'ya'ya biyar. Shi da bakinsa yake cewa da yana yaro ba a taɓa yin mai nauyin kai irinsa ba a ƙauyensu. Har ya shiga aji uku bai haddace lissafin sau ba, in aka ce bakwai sau takwas sai ya yi ta kallon silin. Malamarsu ta lokacin, wata tsohuwa da ba ya kiran sunanta sai ya ɗan sunkuyar da kai, ta tsayar da ajin gaba ɗaya har mako guda, ta ce babu mai buɗe shafi na gaba sai Norio ya iso. Ya kuwa iso. Wannan makon ne ya mayar da shi malami, kuma abin da ya riƙe ke nan shekara talatin da bakwai yana koyarwa: aji tare yake tafiya, ba a barin kowa a baya.

A gundumarmu an san shi da allo. In ya gama darasi na minti arba'in da biyar, sai ka tarar da allon nan tsaf, tambaya a hagu, dabarun yara a tsakiya kowacce da sunan mai ita, taƙaitawa a dama cikin jan akwati. Ƙananan malamai har hotonsa suke ɗauka kafin a goge. Nakan tsokane shi in ce allon ya fi mai shi kyau, shi kuma ya rama da cewa ni ma'aunin zafin jiki kawai na iya karantawa.

Shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya aka ba shi aji shida, a ciki kuwa akwai Anzai Kotone. 'Yar shekara sha ɗaya ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ubanta direban motar kifi ne, uwarta tana aiki a gidan kula da tsofaffi, babu wanda ya taɓa kai ta makarantar ƙarin darasi. Tsofaffin littattafan sakandaren wani ɗan kawunta ta tsinta a kwali za a zubar, ta karance su don daɗi kawai. A wurinmu kuwa ba a tsallake aji, ko da kanka ya kai na farfesa. Manhaja ɗaya ce ga kowa, shekarunka su ne ajinka.

Tun zangon farko aka fara samun matsala. In aka ba da lissafin da ake so yara su yi zane su ƙirga, sai Kotone ta sa haruffa a madadin lambobi ta warware shi a layi biyu. Amsa daidai. Amma maimakon jan da'irar da ake yi wa amsar da ta dace, sai Malam ya yi mata alwatika, wato rabin maki, ya rubuta a gefe cewa ba a koyar da wannan hanyar ba tukuna. In ta gama da wuri sai ya ce ta taimaki na kusa da ita. Ta yi ta taimako har yara suka laƙaba mata Ƙaramar Malama, ba kuma da sigar yabo ba. Daga nan ta daina ɗaga hannu. Sai kuma ciwon ciki, kullum ana gab da shiga darasin lissafi. Bayan an dawo daga dogon hutu, abin ya kai in ta zo da safe ta canza zuwa takalmin cikin makaranta, ko kallon matakalar ajinsu ba ta yi, ɗakina take wucewa kai tsaye.

Ni ban san lissafi ba, amma na san yaro mai ciwo da yaro mai lafiya. Kotone in ta zauna a teburin da ke kusa da taga, ta juya bayan tsofaffin takardun awon tsayi da nake ba ta, sai ta manta da ni. Wani lokaci in ji ta yi 'yar dariya ita kaɗai, in tambaye ta mene ne, ta ce wai wani abu ne ya fito daidai ta inda ba ta zata ba. Fuskar nan ban taɓa ganinta da ita a ko'ina cikin makarantar ba sai a wannan teburin.

Na tari Malam a ɗakin malamai, gaban kowa, don ni ba na iya ajiye magana.

"Malam, yarinyar nan fa cikinta lafiya lau. Kai ne ciwon."

"Malama Ebihara, ke dai bakinki ba ya hutu. Yara talatin da ɗaya gare ni. In na ruga da ɗaya, wa zai tsaya wa talatin?"

"To ita wa zai tsaya mata?"

"Ita ai ba ta faɗi ba. Mai ƙafa ce, za ta kai kanta."

Na ce masa mai ƙafar ga ta can kwance a gadon ɗakina. Ya ɗauki fensir ya hau feƙewa.

A watan goma uwar ta zo, ko rigar aikinta ba ta canza ba. Ta yi ta ba da haƙuri kan wahalar da 'yarta ke ba mu, sannan ta ce yanzu kullum da safe Kotone takan goya jaka ta tsaya a bakin ƙofa minti goma, minti ashirin, kafin ta iya fita. Ta ce tana tsoron ranar da za ta ajiye jakar gaba ɗaya. Ni ma abin da nake tsoro ke nan. Na ga yara da dama sun bi wannan hanyar, daga aji zuwa ɗakina, daga ɗakina zuwa gida, kuma wanda ya kai gida da wuya ya dawo.

A daidai lokacin ne buɗaɗɗen darasi ya zagayo kan makarantarmu. Malamai sittin za su zo daga makarantun gunduma, da wani farfesa daga jami'a, su tsaya su kalli darasi ɗaya, sannan a zauna a feɗe shi. Malam Kuramochi aka zaɓa, to wa kuma za a zaɓa. Wata biyar kwamitin malamanmu ya yi yana gyaran tsarin darasin. Kowane minti da aikinsa. Har kuskuren da ake sa ran yara za su yi an rubuta shi, da minti nawa za a ɗauka a gyara. Kuma kowa ya san ƙa'idar da ba a rubuta ba: darasin da ƙararrawa ta kama shi bai kai ga taƙaitawa ba ya faɗi, komai kyan abin da aka yi kafin nan.

Hankalin shugaban makaranta, Malam Tadokoro, ya tashi. In aka bar kujerar Kotone babu kowa, baƙi za su tambaya, don kowannensu za a ba shi taswirar wurin zaman yara. In kuma ta zo ta faɗi amsa a minti na farko, aikin wata biyar ya rushe. Abin da yake so shi ne ta zo, ta yi shiru. Malam Kuramochi ya ce shi ba zai kira yarinya ta zo ta zama ado ba. Ya yi ta jayayya da kwamiti har suka bar masa minti biyar a cikin tsarin kafin a buga shi, daga na talatin da biyar zuwa na arba'in, aka rubuta a wurin: wata hanya dabam.

Ya sauko ɗakina da kansa, ya zauna a kan kujerar yara, gwiwar nan tana ƙara. Ya gaya wa Kotone yana so ta hau aji ranar. Sharaɗi ɗaya ne, ta riƙe hannunta har minti na talatin da biyar. Daga nan allo nata ne na minti biyar, ta nuna wa kowa hanyarta.

"Ko da babu ita a littafi?" in ji ta.

"Ko da babu."

"Da haruffa?"

"Da duk abin da kika ga dama."

Sai ni ta juyo ta kalla. Ni kuwa da shisshigi na ce mata shekara goma sha ɗaya ina tare da Malam, ban taɓa ganin ya saɓa alkawari ba. Gaskiya na faɗa. Sai ta gyaɗa kai. Sati biyun da suka rage ta riƙa hawa aji darasi ɗaya ko biyu a rana don ta saba, uwarta har waya ta yi mini tana godiya.

Ranar ta zo, wata Juma'a a watan sha ɗaya, ana yayyafi mai sanyi. An cire tagogin ajin na ɓangaren baranda don baƙi su samu wurin leƙe. Suka cika bayan aji da barandar, kowa sanye da silifan aro, riƙe da tsarin darasi da biro. Na samu wuri a ƙofar baya, inda nake hango Kotone da agogon bango a tare.

Ƙarfe biyu daidai aka gaisa, Malam ya rubuta tambaya. Ƙungiyoyin ƙwallo shida, kowacce za ta kara da kowacce sau ɗaya, wasa nawa za a buga? Yara suka duƙufa, masu jan layi na ja, masu ƙirga da yatsu na ƙirgawa. Kotone ta rubuta wani abu da bai fi layi biyu ba, ta ajiye fensir, ta ɗora hannayenta a cinya. Wani baƙo ya leƙa littafinta, ya ɗaga gira, ya taɓo na kusa da shi. Ita dai agogo take kallo.

Kuskuren da aka tsara shi ne talatin. Wani zai ce ƙungiya shida, kowacce wasa biyar, shida sau biyar ke nan. Sai 'yan aji su gano an ƙirga kowane wasa sau biyu, a raba, a samu sha biyar. Minti biyar aka ware wa wannan. A minti na ashirin da biyu talatin ɗin ta fito, amma daga bakin da babu wanda ya zata. Wata yarinya ce mai suna Fumika, wadda tun shigarta aji shida ba a taɓa jin muryarta a darasin lissafi ba. Ta ɗaga hannu, ta ce talatin. Ina ganin yadda Malam ya dube ta, na ɗaga kai na dubi agogo.

Yara biyu suka tashi suka yi mata bayani. Fumika ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda yake so a daina kallonsa. Da wani malamin ne, da ya karɓi wannan ya wuce. Malam Kuramochi ya durƙusa gefen teburinta, ya tambaye ta a hankali ko ta gane da gaske. Ta girgiza kai. Ya yaba mata da ta faɗi gaskiya, ya sa wani ya sake bayani da zane. Ba ta gane ba. Ga minti na talatin ya yi. Ya fito da yara shida gaban allo, ya ce kowa ya sha hannu da kowa, Fumika ta ƙirga. Wannan babu shi a tsari, na ji takardu suna ta motsi a hannun baƙi.

Ƙarfe biyu da minti talatin da biyar daidai, hannun Kotone ya tashi. Ba da gaggawa ba, a miƙe sosai, yadda ake koya wa 'yan aji ɗaya. Kusan wata shida rabon da a ga hannun nan a sama. Malam yana can ya ba ta baya, yana ƙirga tare da Fumika. Na yi tari da gangan, har wata baƙuwa ta harare ni. Talatin da shida. Talatin da bakwai. Hannun ya fara gajiya, ta tallafe shi da ɗayan. Ji nake kamar in ratsa mutanen nan in jawo rigarsa.

Ana minti na talatin da tara Fumika ta ce, da 'yar ƙaramar murya, "Ashe in wannan ya gaisa da wancan, wancan ma ya riga ya gaisa da shi ke nan." Fuskarta ta washe. Ajin ya ɗauki tafi, baƙi suka yi ta rubutu, na hango farfesa yana gyaɗa kai. Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya taɓa ni. Aikin da mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana yi ke nan, kuma ga shi ya yi shi a gaban idon kowa.

Ya miƙe, ya dubi agogo. Saura minti biyar. Ko dai na taƙaitawa ne, ko na Kotone, ba za su ishi biyun ba. Malam Tadokoro yana tsaye bakin ƙofar gaba, ya ɗan taɓa agogon hannunsa. Ƙananan malaman da suka yi wata biyar a kan tsarin nan suna jere a baya, ko motsi ba sa yi. Malam ya juyo, ya ga hannun. Kada wani ya ce mini bai gani ba, ina tsaye na ga sun haɗa ido. Ya tsaya kamar na daƙiƙa uku. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki jan alli.

"To, yanzu mu taƙaita abin da muka koya yau."

Hannun bai sauka nan take ba. Ya ɗan ƙara tsayawa, wataƙila ta ɗauka bai gama magana ba ne. Sai da ya fara zana jan akwatin ta sauke shi. Ta ɗauki fensir ta kwafe taƙaitawar kalma bayan kalma kamar kowa. Yara suna miƙewa su yi gaisuwar rufewa, ƙararrawa tana kaɗawa. Wani baƙo kusa da ni ya ce wa abokinsa ƙasa-ƙasa, "Ka ga aikin tsohon hannu."

A zaman feɗe darasi, awa biyu aka yi ana yabo. Farfesa ya ce ya daɗe bai ga malamin da ya ajiye tsarinsa saboda yaro ɗaya ba. Wani ya tambayi dalilin da ya sa aka tsallake wurin da aka rubuta wata hanya dabam, wani kuma ya amsa kafin Malam ya buɗe baki, ya ce ai dama ƙari ne, ba ya cikin abin da manhaja ta nema. Aka wuce. Malam yana zaune yana sunkuyar da kai ga kowane yabo, fuskarsa kamar ta marar lafiya. Ana tashi ya nufi wurin ajiye takalman yara da ɗan gudunsa na mai ciwon gwiwa, ko zai tarar da Kotone. Yara sun daɗe da tafiya gida.

Ya dawo ya ce mini ranar Litinin zai ba ta darasin gaba ɗaya, minti arba'in da biyar, ba biyar ba. Na ce masa abin da na ce, ba sai na maimaita a nan ba, amma sai da shugaban makaranta ya taso ya rufe ƙofar ɗakin malamai. Rabin faɗan da kaina nake yi, tunda ni ce na tsaya masa shaida. Ranar Litinin na buɗe ɗakina da wuri, na jera takardu a teburin taga. Ba ta zo ba. Talata ma haka. Ranar Laraba uwarta ta yi waya ta ce kada mu jira ta.

Daga nan kowace Juma'a bayan an tashi, Malam yakan kai takardun sati gidansu, kamar yadda kowane malamin aji ke yi wa yaron da ba ya zuwa. Sai dai shi yana ƙara wani abu a ambulan. Ya shiga jirgin ƙasa ya je birni ya sayo littattafan lissafi na manya, ya zauna yana fama da su da tabarau, wasu tambayoyin shi kansa sai ya yi kwana uku kafin ya gane abin da ake nema. Ya zaɓi biyu ko uku ya kwafe da hannunsa. Watan sha biyu ya wuce, watan ɗaya ya wuce, dusar ƙanƙara ta kai ƙugu, bai fasa ko sau ɗaya ba. Kotone ba ta taɓa fitowa ba, uwar ce ke karɓa a bakin ƙofa. Fumika kuwa ta riƙa ɗaga hannu a aji, har ta ci tamanin a jarrabawar ƙarshe, wannan ma gaskiya ne, dole in faɗa.

A watan biyu na raka shi sau ɗaya, da tunanin ko in ta ji muryata ta leƙo. Uwar ta karɓi ambulan da hannu biyu, ta zaro takardun makaranta, ta miƙo masa sauran.

"Malam, mun gode ƙwarai da ɗawainiya. Amma don Allah a daina sa waɗannan."

"Sun yi mata wuya ne? Ko sauƙi? In sauƙi ne akwai waɗanda suka fi su."

"Ba ta buɗe su. Littattafan nata ma ta ɗaure ta fitar ranar kwashe tsofaffin takardu. Ta ce ta daina son lissafi."

Ya sunkuya ya yi godiya, ya sa takardun a aljihun kwat. Muka tako muka koma makaranta.

A watan uku uwar ta zo ofishin shugaban makaranta ta karɓi takardar kammala firamare, a watan kuma Malam ya yi ritaya. An ba shi furanni, tsofaffin ɗalibansa sun cika zaure, da yawansu mutanen da ba don shi ba da an bar su a hanya. Yanzu yana zaune a gidan iyayensa a ƙauye, yana noma 'yar gonar da ta rage, ranar Asabar kuma yana koya wa yaran da lissafi ke ba wuya a zauren taron unguwa. Iyalan Anzai sun bar garin bayan shekara biyu, ban san inda Kotone take ba.

Bara na kai masa ziyara. Ya dafa shayi, muka yi hirar gwiwa da hawan jini da waɗanda suka rasu. Har na tashi ina sa takalmi, sai na ji ya ce daga bayana, "Malama Ebihara, da na ba ta minti biyar ɗin nan, da ta zauna a makaranta?"

Na waiwayo na dube shi. Ya tsufa, yana tsaye ya dafa ƙofa. Na ce masa ban sani ba, babu wanda zai iya sani. Ya gyaɗa kai, ya ce haka ne. A iya sanina, wannan ce ƙaryar farko da na taɓa yi masa.